Dashen gilashin ido: aiki ba ya ƙarewa ranar da aka fito daga ɗakin tiyata

Wannan mako zan ajiye zancen farashin hatsi da na sufuri, in ɗauko wata magana da ta shigo har cikin gidanmu, wadda kuma na lura ana yawan bugo mini waya a kanta duk lokacin da muka taɓo lafiyar ido a rediyo.

Akwai wata ƙanwar mahaifiyata da ke sayar da atamfa a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Ɗanta na fari ya soma kukan ido tun yana makarantar firamare. Kullum cikin susa yake, farin idonsa ya rine ya koma kamar ruwan goro, har mutanen unguwa suna yi masa kallon mai shaye-shaye alhali yaron ko sigari bai sani ba. Da ya kai shekara goma sha tara idon dama ya daina ganin rubutun allo, an sauya tabarau har an gaji. Daga ƙarshe likitan ido ya ce gilashin idon ne ya sirance ya yi tsini, ba abin da zai yi magani sai dashe. Inna ta kwashe adashenta, ta sayar da raguna da wani ɓangare na jarinta, ƴan uwa suka tara abin da ya sawwaƙa, aka kai yaro wata ƙasa a Arewacin Afirka aka yi aiki.

Wata huɗu da dawowarsu sai ga ta a gidana da hantsi, ranta a ɓace. Ta ce, "Ɗana, kai da kake da boko, duba mini takardun nan. Tabarau biyu na yanka masa tun da muka dawo, kowanne sai ya yi mako uku ya ce ba ya gani da shi. Anya ba cutarmu aka yi ba?" Na ce, "Inna, ki ba ni kwana biyu in tambaya." Kwana biyun nan sun zama watanni ina tambaya ina karatu, kuma abin da na tattaro shi ne nake son in baje muku a faifai yau. A taƙaice dai ba a cuce ta ba. Abin da ya faru shi ne ba a yi mata bayani da harshen da za ta gane ba, cewa gilashin da aka dasa ba ya tsayawa yadda aka sa shi. Yana sauya siffa, yana sauya kauri, shekara guda ko fiye, kai wasu sauye-sauyen ma har ƙarshen rayuwa.

Mene ne gilashin ido?

Idan ka dubi idon mutum daga gefe, za ka ga wata fata garai-garai da ta yi ɗan tudu a kan baƙin idon, kamar gilashin agogo. Ita ce likitoci ke kira korne da Faransanci, ni kuma zan riƙa ce mata gilashin ido. Kada a haɗa ta da madubin da ke can ciki, wanda yana ke kamawa. Aikin yana daban ne, dashen gilashi daban. Faɗin gilashin nan bai wuce milimita 11 zuwa 12 ba, kaurinsa kuwa a tsakiya rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, wato kamar ka haɗa takarda biyar ta littafin ƴan makaranta. Amma duk ƙanƙantarsa, shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Shi ya sa idan tudunsa ya karkace ko da ɗan kaɗan ne, sai gani ya birkice.

Abin mamaki, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa idan yana lafiya. Daga hawaye da ruwan cikin ido yake samun abincinsa. Wannan ne ma dalilin da ya sa jiki ya fi saurin karɓar dashensa fiye da na ƙoda ko na zuciya, ya kuma zama cikin dashen farko da ɗan Adam ya ci nasara a kai. A watan Disamban 1905 wani likita mai suna Eduard Zirm, a garin Olomouc da ke ƙasar Cek ta yau, ya dasa wa wani lebura da farar ƙasa mai zafi ta ƙona wa idanu, ido ɗaya ya washe ya koma aikinsa. A shekarun 1930 likitan Odesa, Vladimir Filatov, ya nuna ana iya amfani da gilashin mamaci, sannan a 1944 aka buɗe ma'ajiyar ido ta farko a birnin New York na Amurka. To kun ga aikin ya haura shekara ɗari.

A nan ƙasar Damagaram abin da ya fi lalata wannan gilashi mun san shi, mun kuma ba shi suna tun kaka da kakanni: hakiya, farin tabon nan da ke rufe baƙin ido. Amodari na kawo ta, idan gashin ido ya juya ciki yana gogar ido shekara da shekaru. Baƙon dauro na kawo ta ga yaron da ke da ƙarancin bitamin A, wanda dundumi ne alamarsa ta farko. Karan hatsi ko ƙaiƙayi da ya soki ido lokacin girbi ko sussuka na kawo ta. Haka kuma, in faɗi gaskiya ko da za a ji haushina, abubuwan da muke ɗigawa a ido da sunan magani, ruwan ganye da ruwan sukari da makamantansu, sun mayar da ƙananan ciwo da yawa hakiya. Sai kuma irin ciwon ɗan Inna, wanda likitoci ke kira keratokon, inda gilashin ke sirancewa ya turo gaba kamar bakin mazurari. Yana kama matasa, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan murza ido, abin da yaran ƙasashe masu zafi da ƙura irin tamu ke fama da shi.

Aikin gyartai

Duk macen da ta taɓa kai ƙwaryarta wurin gyartai ta riga ta fahimci rabin maganar. A dashen da aka fi sani, likita na yanke tsakiyar gilashin da ya lalace a kewaye, faɗin kamar milimita 8, ya yanko makamancinsa daga gilashin wanda ya bayar, yawanci ya ɗan fi ramin faɗi kaɗan, ya ɗora ya ɗinke. Zaren nailon ne wanda bai kai silin gashi kauri ba, sau da yawa ɗinki 16 a kewaye, wani likitan kuma ya yi zare ɗaya mai zagayawa, wani ya haɗa duka biyu.

To a nan gizo ke saƙa. Idan gyartai ya ja zare a gefe guda ya fi sauran ƙarfi, ƙwarya za ta ɗan karkace, amma ba abin da zai hana a dama fura a ciki. Ido ba haka yake ba. Ana son gilashi ya yi tudu daidai ta kowane gefe, kamar bayan sabon ƙoƙo. Idan wani zaren ya fi wani ɗauri, ko gefe ɗaya na rauni ya riga ɗaya warkewa, sai tudun ya koma kamar bayan cokali ko ƙwai, ta nan ya yi tsini ta can ya baje. Mai irin wannan ido yana ganin haske, yana ganin mutane, amma layi ya karkace, rubutu ya yi inuwa, fitilar babur da dare ta yi jela. Likitoci na ce wa wannan astigmatizim, kuma kusan duk wanda aka yi wa irin wannan dashe sai ya same shi, wani kaɗan wani da yawa. Ba alamar likita bai iya ba ne. Ko hannun da ya fi kowanne ƙwarewa ba shi da iko a kan yadda nama ke warkewa.

Kuma saboda babu jini a wurin, warkewar tana tafiyar hawainiya. Raunin da zai haɗe cikin mako biyu a hannu, a gilashin ido sai ya ci shekara. Shi ya sa zaren ke zama shekara guda, wani lokacin har shekara ɗaya da rabi ko biyu. Duk tsawon wannan lokaci tudun yana motsi. Wata zaren ya saki, wata kumburi ya saɓe, ma'aunin tabarau ya sauya. Abin da ya cinye kuɗin Inna ke nan. Ta yanka tabarau a kan idon da bai gama zama ba, kamar wanda ya ɗinka wa jinjiri rigar da yake son ya sa har yaye.

Likitocin da ke bin irin wannan ido suna da wata na'ura da ke zana taswirar gilashin da launuka, inda ya yi tsini ya fito ja, inda ya baje ya fito shuɗi. Da wannan taswira suke gane zaren da ya fi ɗauri, bayan ƴan watanni su soma cire su ɗaya-ɗaya, su jira makonni, su sake aunawa. Kamar mai kalangu ne da ke sassauta tsirkiya har sauti ya daidaita. Abin lura, ranar da aka cire zaren ƙarshe ma siffar na iya sake yin tsalle. Sai bayan nan ake yanka tabarau na dindindin. Wanda tabarau ba su wadatar da shi ba, akwai ɗan gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido, hawaye su cike ramukan da ke ƙarƙashinsa, gani ya miƙe. Sai dai fa a ƙurar hunturu ta Damagaram, sa shi da tsabtace shi wani aiki ne mai zaman kansa.

Maganar kauri

Wannan ɓangaren shi ya fi ɗaure mini kai, shi ne kuma nake ganin ya fi muhimmanci, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

A bayan gilashin, ta ciki, akwai shimfiɗa ɗaya tak ta wasu ƙananan ƙwayoyin halitta. Aikinsu dare da rana shi ne kwashe ruwan da ke tsattsafowa cikin gilashin su mayar da shi cikin ido, kamar mutanen gida da ke kwarfar ruwa daga ɗaki a tsakiyar damina. Muddin suna aiki, gilashi na nan siriri garau. Idan suka gaza, sai ya sha ruwa ya kumbura ya yi fari-fari, kamar fatar da majema suka jiƙa. Baligi mai lafiya na da kimanin 2,500 zuwa 3,000 na waɗannan ƙwayoyi a kowane murabba'in milimita. Matsalar ita ce ba sa haihuwa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan, maƙwabtanta ne za su miƙe su rufe gurbinta. Idan suka ragu suka koma wajen 500, to kwarfa ta fi ƙarfinsu.

Da wannan za ku gane tafiyar kaurin bayan dashe. A kwanakin farko sabon gilashin a kumbure yake, domin ya kwana a cikin ruwan ajiya, ya sha wuƙa da allura. Mara lafiya na gani kamar cikin hazo, wasu har su karaya su ce aiki bai yi ba. Cikin makonni da ƴan watanni ƙwayoyin nan su kama aiki, kumburi ya saɓe, kauri ya dawo kusa da na lafiyayyen ido, gani ya soma washewa. Daga nan kuma, sannu a hankali cikin shekaru, kaurin ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, saboda ƙwayoyin gilashin da aka dasa sun fi na haihuwa saurin mutuwa. Wani babban bincike da aka soma a Amurka a shekarar 2000, wanda ya bi mutane sama da dubu da aka yi wa dashe saboda kumburin gilashi, ya gano cewa bayan shekara biyar kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin sun tafi, ko a idanun da ke gani lafiya lau. Duk da haka kashi 86 cikin 100 na dashen suna nan garau a shekara ta biyar. Wato ragowar na iya riƙe aikin shekaru masu yawa, amma jari ne da ake ci ba a ƙarawa. Wanda aka yi wa dashe yana ɗan shekara ashirin, ya sa a ransa cewa wataƙila wata rana a sake.

Ƙaruwar kauri ta sannu ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kumburin farat ɗaya, domin sau da yawa alama ce jiki ya gane baƙo ya soma yaƙarsa. Alamomin da ake gaya wa kowane mai dashe ya haddace su ne: ido ya yi ja, haske ya soma damunsa, gani ya ragu, ko ya ji zafi. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, a nemi likitan ido a ranar ko washegari. Ba a jira ranar kasuwa ta wuce, ba a jira Alhaji ya dawo daga tafiya. Idan aka yi sauri, yawanci maganin ɗigawa na kashe wutar. Idan aka yi mako biyu ana shawara, ƙwayoyin da suka mutu a wannan tsakani ba mai dawo da su. Wannan yaƙi ya fi tashi a shekara ta farko da ta biyu, amma yana iya tashi ko bayan shekara goma.

Akwai kuma wata alaƙa tsakanin kauri da hawan jinin ido da ya kamata a sani. Na'urar da ake auna ƙarfin ruwan ido da ita gilashin take dannawa. Idan yana da kauri tana iya nuna lamba sama da gaskiya, idan siriri ne ta nuna ƙasa da gaskiya, kuma bincike ya nuna mu baƙar fata a jimlace gilashinmu ya ɗan fi na Turawa siranta. Ga shi maganin ɗigawar da ake ba mai dashe don hana jiki ƙin baƙo, mai sinadarin kotizon, yana tayar da ƙarfin ruwan ido ga wasu mutane ba tare da sun ji komai ba. Saboda haka duk zuwa asibiti a tabbata an auna, kuma a gaya wa mai aunawa cewa idon nan dasasshe ne. Kada kuma a ce tun da an san sunan maganin, sai a riƙa sayensa wurin masu tallar magani a tasha ana ɗigawa yadda aka ga dama. Barinsa ba izini haɗari ne, zarcewa da shi ba awo shi ma haɗari ne.

Sababbin dabaru

Yanzu ba kullum ake sauya gilashin gaba ɗaya ba. Idan ƙwayoyin ciki ne kawai suka gaza, ana iya sauya wannan shimfiɗa ita kaɗai ta wata ƴar ƙofa a gefe, dabarar da likitan Holan Gerrit Melles ya buɗe hanyarta a ƙarshen shekarun 1990, ya kuma kai ta matuƙa a 2006. Ba a buƙatar ɗinkin kewaye, kumfar iska ake sawa ta danne dashen, mara lafiya ya kwanta rigingine na ƴan kwanaki. Siffar ido ba ta cika sauyawa ba, gani kuma na saurin dawowa. Idan kuwa gaban ne ya lalace ciki na da lafiya, kamar a yawancin masu keratokon, ana iya sauya gaban a bar wa mutum ƙwayoyinsa na haihuwa. Wannan na rage haɗarin jiki ya ƙi, amma ɗinki da karkacewa suna nan yadda suke.

Ga iyayen yara masu susar ido, abin da ya fi wannan duka daɗin ji shi ne tun 2003 likitoci a Dresden ta Jamus suka bayyana hanyar ƙarfafa gilashin da ya soma sirancewa, da ruwan bitamin B2 da wani haske na musamman, ciwon ya tsaya inda yake. Ba ya mayar da abin da ya ɓace, kuma sai gilashin bai gama sirancewa ba ake iya yi. Da an gano ɗan Inna yana shekara goma sha uku, wataƙila da ragunanta na nan.

Ba kowace hakiya ke karɓar dashe ba

Nan ne nake son ƴan kasuwa su buɗe kunne, domin ku ne ke da kuɗin mota da na jirgi, ku ne ake zuwa wa da kuka idan tsohuwa ta makance a ƙauye. Binciken da aka yi a faɗin Nijar a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna jihohin Zinder da Diffa da Maraɗi su ne kan gaba a ciwon amodari. Tun daga lokacin hukumar yaƙi da makanta ta ƙasa, tare da ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter da Helen Keller, suka yi ta rabon maganin azitromisin, da gina masai, da wa'azin wanke fuskar yara, da aikin gyaran fatar ido ga waɗanda gashinsu ya juya. An samu sauƙi ƙwarai a wurin yara. Amma tsofaffin da hakiya ta riga ta rufe, musamman mata, suna nan a Magarya da Matamai da Mirya da sauran garuruwanmu.

Gaskiya mai ɗaci ita ce idon da amodari ya cinye yana cikin waɗanda dashe ya fi wuyar kamawa. Ya bushe ba hawaye, jijiyoyin jini sun kutsa cikin gilashin, su ne kuma hanyar da sojojin jiki ke bi su kai wa baƙo hari, ga fatar ido ta ƙanƙance tana goga. Haka ma dashen ƙaramin yaro ya fi na babba wuya nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen, rajistar dashe ta ƙasar Ostareliya, wadda ke tattara bayanai tun 1985, ta nuna kusan tara cikin goma na dashen masu keratokon na nan da rai bayan shekara goma. Aiki iri ɗaya, sakamako kamar sama da ƙasa. Don haka a ganina, jika biyar da aka kashe aka kai gwaggo aka gyara mata fatar ido tun gashi na soma sukarta, ta fi tarin kuɗin da za a kwasa zuwa waje bayan hakiya ta rufe.

Sannan gilashin kansa ba a ƙera shi a masana'anta a jibge, daga ɗan Adam yake fitowa. Wani bincike da likitocin Faransa suka wallafa a 2016 ya ƙidaya dashe kusan 185,000 a ƙasashe 116 cikin shekarar 2012, alhali kimanin mutum miliyan 12.7 ke jira, wato gilashi ɗaya ga mabuƙata 70. Sri Lanka ta yi suna wajen kyautar ido tun shekarun 1960, Habasha ta buɗe ma'ajiyarta a Addis Ababa a 2003, Nijeriya kuwa tana da dokar dashen gilashi tun 1973. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a dasa wa mai rai, bisa sharaɗin izininsa ko na magadansa, kuma ba da ciniki ba. Wannan zance ne da ya kamata malamanmu da likitocinmu su zauna a kansa, ni dai na ajiye shi nan.

Zaman gida bayan an dawo

Wurin ɗinkin nan ba ya taɓa komawa ƙarfinsa na asali, ko bayan shekara ashirin. Naushi ɗaya, ko ƙahon rago, ko hannun goyo da ya kai wa uwa duka cikin wasa, na iya ɓalle shi. Saurayin da aka yi wa dashe ya yi ban kwana da kokowa, duk da na san yadda wannan magana ke da nauyi a Damagaram. Tabarau su zama abokin tafiya kullum, ko ba don gani ba don kariya, musamman a kan kabu-kabu. Bugu da ƙari, lokacin yanka an datse jijiyoyin ji, saboda haka watanni da yawa sabon gilashin ba ya jin ƙura ko tsakuwa yadda ya kamata. Mai tuyar ƙosai da ke cikin hayaƙi, da mai auna barkono da tiya, da mai sussuka, su tambayi likita yaushe za su koma sana'a. Kwalli a ajiye shi sai an ba da izini. Zancen ruwan alwala a fuska da sujada a makonnin farko, shi ma a tambaya kafin a baro asibiti, kada a ji kunya. Idan azumi ya zo kada a yanke maganin ɗigawa da ra'ayin kai, a haɗa likita da malami a samu mafita. Danne kusurwar ido ta wajen hanci na ɗan lokaci bayan an ɗiga yana rage gangarowar magani zuwa maƙogwaro.

Idan aka ji kamar tsakuwa a ido ba ta fita, galibi zare ne ya saki ko ya tsinke. Sakakken zare ba ya riƙe komai, datti kawai yake tarawa, ya jawo ƙwayar cuta da jijiyar jini. Cire shi aikin ƴan mintoci ne ga likitan ido mai na'ura, amma ba aikin wanzami ba ne.

Wannan ya kawo mu ga lissafi, fannin da kun fi ni sani. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa Maraɗi ko Kano kuwa sama da 200. Mutanenmu sun daɗe suna bin waɗannan hanyoyi neman maganin ido, tun daga sashen ido na babban asibitin ƙasa da ke nan Zinder, zuwa asibitin Makka na Maraɗi, zuwa asibitin ido na ECWA a Kano da ke aiki tun 1943. Wanda zai kai mara lafiyarsa dashe, ko'ina ne, kafin ya biya ko dala ya tambayi likita: wannan idon wane iri ne, mai karɓar dashe ne ko mai gardama? Wane irin dashe za a yi? Wa zai riƙa duba shi idan mun koma gida, kuma yana da na'urar auna siffa da kauri? Sau nawa za mu dawo a shekarar farko? A karɓo rahoton aikin a rubuce, da adadin ɗinkin da aka yi, da ma'aunin ranar sallama, domin da shi likitan gida zai gane ko kauri ya ƙaru. Sannan a raba kuɗin gida biyu, na aiki da na jinya, kada a zuba duka a tafiyar farko.

Inna ba ta yi wannan rabo ba, saboda ba wanda ya gaya mata, sai da ta sake shiga wani adashen. An cire wa yaron zaren ƙarshe bayan wata goma sha tara, aka jira wata biyu aka yanka tabarau na uku, su ne a fuskarsa har yau. Yanzu shi ke riƙe mata littafin bashi a shago. Idon hagu kuma, da aka auna aka ga ya soma sirancewa, an yi masa aikin ƙarfafawa tun bai kai ga dashe ba. Takardar komawarsa awo na cikin jakar Inna, tare da katin adashe, an rubuta bayan babbar salla.